Ranin da Na Kama Lambu a Fadamar Binuwai

A Garwa da ke Arewacin Kamaru, aikin lambu yana farawa ne sa'ad da kogin Binuwai ya soma janyewa, wato daga ƙarshen watan Oktoba zuwa cikin Nuwamba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, fadama ta tsane, kuma lakar da ambaliya ta shimfiɗa a kan gaɓa ta fito fili. Daga nan zuwa faɗuwar damina a watan Mayu mutum yana da kimanin wata shida, kuma watannin ba daraja ɗaya gare su ba, domin sanyin hunturu na Disamba zuwa Fabrairu shi ne jarin mai lambu, zafin Maris da Afrilu kuwa, wanda yakan haura digiri 40, yana ƙone duk abin da ya makara. Ni tela ne a cikin gari, ba a gidan noman rani na tashi ba, kuma abin da ya kai ni fadama a ranin 2023 zuwa 2024 shi ne tsadar kayan miya, bayan na ga kuɗin cefane yana cinye abin da keken ɗinki yake kawowa. Zan bayyana yadda na bi aikin tun daga neman fili har zuwa ajiyar albasa, saboda 'yan'uwa masu ƙaramar sana'a irina suna yawan tambayata ko abu ne da mutum zai iya haɗawa da aikinsa na kullum.

Filin bakin kogi yana da masu shi, ko da kuwa ka gan shi fayau babu kowa a ciki. Kawuna ne ya yi mini jagora zuwa wurin wani dattijo da ya gaji fadama a gabas da gari, kuma bayan mun daidaita a kan kuɗin haya sai ya ce lalle mu je gaban jauro, wato mai unguwa, a shaida maganar. Mun tafi da goro, muka yi gaisuwa, kawuna ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga ɗanmu nan yana neman inda zai yi lambu na rani ɗaya." Jauro ya sa aka maimaita sharuɗɗan a gaban mutane: haya ta rani ɗaya ce, zan bar filin kafin ruwan shuka ya sauka, kuma ba zan dasa itace ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya sosa mini rai, domin na zo da burin mangwaro da gwaiba, amma dalilinsa a fili yake, tun da a ƙasarmu wanda ya dasa itace a fili ana ganin ya fara kafa hujjar mallaka, kuma rigimar gona da yawa daga bishiya ɗaya ta samo asali. Ina ba duk mai neman fili shawara ya yarda da zuwa gaban jauro ko lawan, ko da mai filin amininsa ne, saboda ranar da albasa ta yi kyau ita ce ranar da magada suke tunawa da iyakokin gonar kakansu.

A nan Arewacin Kamaru ana auna gona da kar, wato kwatan hekta, mita 50 a tsaye da mita 50 a kwance, ma'aunin da noman auduga ya sa kowa ya saba da shi. Mai filin ya yi mini tayin kar guda cif, ni ma raina ya biya. Wani tsoho da lambunsa yake jikin nawa, wanda kowa yake kira Baba, shi ne ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ka fara auna ruwanka da aljihunka, sannan ka auna ƙasa." Daga baya wani malamin gona ya yi mini lissafin da ya fito da ma'anar maganar Baba. Ya ce a ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, albasa tana buƙatar ruwa milimita 350 zuwa 550 kafin ta nuna, kuma milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Idan mutum ya kama kashi ɗaya cikin huɗu na kar, wato mita 25 kowane gefe, murabba'in mita 625 ke nan, to a kan milimita 500 zai ɗebo lita 312,500, fiye da duro 1,500 mai cin lita 200, ban da abin da rairayi da rana za su sha a kan hanya. Da na ji haka sai na tsaya a kan mita 25 ɗin, kuma har yau ina ganin babu shawarar da ta amfane ni a duk aikin kamar wannan. Na ga mutanen da suka kama fili babba cikin zumuɗi, suka dasa shi kaf, sannan a tsakiyar Fabrairu kuɗin mai ya ƙare musu, suka tsaya suna kallon rabin lambu yana bushewa.

Abu na farko da na yi a cikin filin shi ne shinge. Fadama a lokacin rani ba ta masu lambu kaɗai ba ce, makiyaya ma nan suke gangarowa da shanu neman ruwa da ɗanyar ciyawa, kuma haƙƙinsu ne su bi burtali su kai ga kogi. Na sayo ƙaya na kewaye filin, na bar burtalin yadda na same shi, sannan na je ruga na gaisa da masu shanun, muka yi yarjejeniya cewa zan riƙa ba su ciyawar da na cire da ragowar ganye, su kuma su bar ni in kwashi kashin shanu. Masu lambun da suke daf da ruwa suna da wata damuwar kuma, wato dorina, wadda take fitowa kiwo da dare, doka kuma ta hana kashe ta, don haka suke hura wuta suna kwana gadi. Nawa filin yana da ɗan nisa da bakin ruwa, saboda haka ban sha wannan wahalar ba.

Nisan kuwa shi ya sa dole in nemi ruwa daga ƙasa. A fadama ruwa ba shi da zurfi, mun haƙa rijiya mun same shi a kusa, muka kafe bakinta da itace don kada rairayi ya rufta. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin jigo da guga, amma yanzu injin ban ruwa ne ya karɓi aikin, kuma da yake ban da ƙarfin sayen nawa, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi ɗaya tare da tiyo, muka raba kwanaki, kowa da ranarsa, kowa da mansa. Man ne ya fi komai ci mana tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru masu lambu a nan sun dogara da fetur ɗin bakin hanya da ake kira zuwa-zuwa, wanda yake shigowa daga Najeriya, to da gwamnatin Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 sai farashinsa ya yi tsalle, lissafin kowane mai inji ya rikice. Wannan ya tilasta mini koyon tattalin ruwa: ban ruwa da sassafe ko da yamma lis, gyaran magudana don kada ruwa ya ɓalle, da shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin tumatir don ƙasa ta riƙe danshi. Shi kansa kogin ba yadda kakanninmu suka san shi yake ba, domin madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982 kimanin kilomita 50 kafin kogin ya iso Garwa, ita take riƙe ruwan tana sakinsa. A shekarun da damina ta yi yawa, kamar 2012 da 2022, fadama takan daɗe a cikin ruwa, kuma mai hikima yakan yi rainon irinsa a kan tudu don kada jiran janyewar kogi ya cinye masa lokaci.

Haka na yi. Tun cikin Oktoba, kafin filin ya gama tsanewa, na gyara ɗan wuri a kan jigawa kusa da bukkar Baba, na cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, na yafa irin albasa a jere, na rufe da ciyawa. Iri biyu aka fi sani a wurinmu, Gudami wanda yake na gida, da ɗan Galmi wanda asalinsa daga garin Galmi ne a Jamhuriyar Nijar, mai launin shuni-shuni da yaji, wanda kuma ya yi suna wajen jure ajiya. Irin albasa ba ya daɗewa da rai, wanda ya shekara a ɗaki mai zafi yawancinsa ba ya tsirowa, don haka Baba ya sa na ɗebi 'yan ƙwayoyi na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma tun kafin in biya kuɗi, sai da muka ga mafi yawansu sun tsaga sannan na saya. Bayan kamar mako ɗaya tsiro ya fito, na janye ciyawar don kada ya yi tsawo ya raunana, na ci gaba da yayyafi safe da yamma da butar ban ruwa. Rainon albasa yana ɗaukar mako shida zuwa bakwai, har sai tsiron ya kusa kaurin fensir. A gefe guda na yi rainon tumatir da tattasai da latas, waɗanda suka fi saurin isa dashe.

Kafin dashe sai da muka kafce filin da garma, muka tsince saiwar jiji da ƙiri-ƙiri, waɗanda idan ka bar guntunsu a ƙasa ban ruwan da kake yi su zai fara amfana, sannan muka yanka shi fangali-fangali, kowane fangali da bakinsa a jikin magudana. Daidaita cikin fangali aiki ne mai cin rai amma ba a tsallake shi, domin idan gefe ɗaya ya fi tudu, ruwa zai kwanta a kwari ya ruɓar da saiwa, tudun kuma ya zauna da ƙishi. Rabin filin na ba albasa, sauran na raba wa tumatir, tattasai, attaruhu, latas, karas, alayyafo, yakuwa da kuɓewa, na kuma ware gefen da ya fi rairayi domin kankana. Wasu maƙwabta sun ce na tarkata abubuwa da yawa, gara in zuba albasa zalla in samu kuɗi a dunƙule. Ban bi su ba, saboda tukunyar gidana ce ta kawo ni, kuma mai albasa zalla yakan yi wata huɗu yana zuba kuɗi ba tare da ya kai ko ganye ɗaya gida ba.

An yi dashen albasa a farkon Disamba, da yamma bayan rana ta yi sanyi, fangali yana jiƙe. Ana rage tsawon ganyen, a dasa ba da zurfi ba, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tsiro da tsiro. Yara da maƙwabta sun taya ni, ni ma na rama musu a ranar nasu dashen. Abin da ya sa ake gaggawar kama farkon hunturu shi ne albasa tana yin ganye ne a cikin sanyi, kuma kowane ganye shi ne yake zama ɓawo ɗaya a cikin kan albasar, saboda haka wadda ta tara ganye da yawa kafin zafi ya shigo ita take yin babban kai. Tumatir ma haka yake, idan zafi ya tsananta furensa zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba, latas kuwa sai ya yi tsiri ya koma ɗaci. Wanda ya makara da mako uku a Disamba ba zai iya rama su da yawan taki a Maris ba.

Maganar taki tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan na ga ana yawan asara. Kashin shanun da na kwaso daga ruga ban zuba shi ɗanye ba, na tara shi a rami tare da toka da ganye ina yayyafa masa ruwa har ya ruɓe, saboda ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana zuwa da irin ciyawa. Bayan dashe ya kama na sa takin zamani mai lamba 20-10-10, daga baya na ƙara yuriya kaɗan sau ɗaya, na tsaya. Yuriya tana sa lawashi ya yi kore shar, mai lambu ya ji daɗi, maƙwabta su yaba, shi ya sa mutane suke ƙara ta har lokacin da albasa take ɗaura kai. Sakamakon shi ne albasa mai kaurin wuya, cike da ruwa, wadda take da kyan gani ranar cira amma ba ta wata biyu a ajiye sai ta fara ruɓewa. Wanda yake nufin sayarwa nan take yana iya cin riba da haka, amma ya cuci wanda ya saya don ajiya, kuma ni ban ga albarka a irin wannan ciniki ba.

Ƙwari sun zo kamar yadda aka gaya mini za su zo. A kan albasa akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da suke ɓuya a tsakanin ganye suna tsotsa har lawashi ya yi fari-fari, a kan tumatir kuma akwai tsutsar da take shiga cikin ganye tana cin sa daga ciki, sannan ta huda 'ya'yan. Garwa cike take da bishiyar dogon yaro, don haka na sa yara suka tsinto mini 'ya'yanta, muka shanya, muka daka, muka jiƙa garin ya kwana, muka tace, muka sa ɗan sabulu, nake fesawa da yamma duk mako. Wannan ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da hayayyafa yake yi, saboda haka sai an fara da wuri kuma an dage. Ganyen tumatir da tsutsa ta shiga kuwa tsinke shi nake yi in binne. Akwai abin da na gani a fadama wanda ya tayar mini da hankali, kuma ba zan ɓoye shi ba: wasu suna fesa wa latas da tumatir maganin da aka yi domin auduga, su fesa yau su tsinka jibi su kai kasuwa. Auduga ba a cin ta, latas kuwa ɗanye ake ci, kuma 'ya'yanmu ne suke ci. Duk wanda ya ga dole sai ya sa maganin kanti, to ya nemi wanda aka yi domin kayan lambu, ya sa a karanta masa adadin kwanakin da aka rubuta a jira kafin tsinka, ya kuma cika su.

Alayyafo ne ya fara shiga gida, ƙasa da wata ɗaya bayan shuka, sai latas da yakuwa suka biyo baya, kuma daga tsakiyar Janairu uwargida ta daina aiken kayan miya kasuwa in ban da mai da gishiri da daddawa. Tsarin aikina ya zama daga sallar asuba in wuce fadama a kan babur, in dawo shago da hantsi, ranar da injin yake hannuna kuma in koma da la'asar. Ba zan ce babu gajiya ba, kuma ɗinkin da nake karɓa ya ɗan ragu, amma fili mai wannan girman mutum ɗaya da taimakon yaransa yana iya riƙe shi. Da tumatir ya nuna a Fabrairu sai ya nuna wa kowa a lokaci ɗaya, kwando ya faɗi warwas a kasuwar Garwa da ta Pitowa mai ci ranar Lahadi. Mun sayar da kaɗan, mun yi kyauta ga dangi da maƙwabta, sauran kuma uwargida ta yanka ta shanya ya zama kauɗa, haka ma kuɓewa da attaruhu, kuma wannan shanyar ce ta riƙe mu har cikin damina lokacin da tumatir yake tsada.

Ta fuskar 'ya'yan itace, kankana ce ta fid da ni kunya. Tana nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka, ba ta shiga sharaɗin hana dasa itace ba, kuma na shuka ta a ƙarshen Disamba da lissafin azumi, wanda a 2024 ya kama a cikin watan Maris, daidai tsananin zafi. Ana gane ta nuna idan ɗan murɗaɗɗen zaren da yake kusa da gindinta ya bushe, kuma gefen da yake kwance a ƙasa ya koma rawaya. Ita kaɗai ta mayar mini da mafi yawan kuɗin man da na ƙona. Gwanda kuma na yi rainonta a leda a cikin lambun, na kai gida na dasa a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke yake bi, domin ba ta jure kwanciyar ruwa irin ta fadama. Na sa uku-uku a kowane rami, saboda akwai namiji akwai mace kuma ba a bambance su sai sun yi fure, daga nan a rage mazan a bar ɗaya.

Albasa ta kai a ƙarshen Maris. Alamarta ita ce wuyan ya yi laushi ganye ya kwanta da kansa, kuma da na ga kusan rabin fangali ya kwanta sai na yanke ruwa, na bar ta kimanin mako biyu kafin cira. Mun cire ta da sassafe, muka jera ta a cikin fangali, ganyen wannan layi yana rufe kan wancan don kada rana ta dafa ta, ta yi 'yan kwanaki tana shan iska, sannan muka yanke lawashin muka bar ɗan wuya. Lawashin ma bai tafi a banza ba, an kirɓa shi an dunƙula an shanya ya zama gabu. A wannan lokacin ne dillalai suke cika fadama da buhuna, manyan motoci suna lodi zuwa Ngaundere da Yaunde da Duwala, kuma a lokacin ne farashi yake ƙasa ƙwarai, tun da kowa ya cire kuma kowa yana da bashin mai da taki a wuyansa. Da yake ban ci bashi ba, ba a tilasta mini sayarwa ba. Na sayar da buhunan da suka isa in biya hayar rani mai zuwa tun da wuri, sauran na kai gida na yi musu rudu, wato gado na kara da aka ɗaga daga ƙasa a ƙarƙashin rumfa mai shan iska, na baza albasar ba tare da na tula ta ba. Duk mako nake bi ina tsince wadda ta fara laushi, domin ɗaya takan shafa wa na kusa da ita. Ta rage nauyi, wasu sun lalace, amma abin da ya kai watan Satumba ya yi daraja ninkin abin da dillalai suka taya a bakin fadama.

Na mayar wa mai fili filinsa a ƙarshen Afrilu, bayan na kwashe ƙayar shingen na tara a gefe, na kuma rufe bakin rijiyar don kada dabba ko yaro ya faɗa, muka sake zuwa gaban jauro aka shaida cewa ni zan kama wurin idan ruwa ya janye. Daga cikin albasar da take kan rudu na ware matsakaita masu siririn wuya, waɗanda suka fi jure ajiya, domin albasa ba ta ba da iri sai an sake dasa kanta ta yi fure. Waɗannan ake dasawa a watan Nuwamba a fangali na dabam, a yanke kan furen idan ƙwayoyin sun yi baƙi, a shanya a inuwa, a sussuka, kuma da wannan irin ake yin rainon Oktoba na gaba.